Rabin Allura

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki. Yaya nauyin jiki? Inna ta ce in tambaye ki ko ƙafafun sun rage kumburi, kuma wai ki daina yawan tsayuwa, cikin wata takwas ba abin wasa ba ne.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a hannun direba alhali ga waya. Kin san bakina. In na fara i'ina a waya, kafin in kai tsakiyar magana kin riga kin ƙarasa mini ita, kuma yawanci ba abin da zan faɗa ke nan ba. Ga shi gidanmu ba a ɓoye murya, in ka yi tari a bakin ƙofa sai a ce maka sannu daga kicin. Takarda kuwa tana jirana in gama. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu na tsaya.

Maganar Baba ce. Kada hankalinki ya tashi, yana ci, yana sha, yana faɗa kamar kullum.

An daɗe ina jin keken ɗinkinsa ya sake murya. Kin tuna muna yara, daga cikin ɗaki muke gane ko wuyan riga yake ɗinkawa ko gefen wando, don sautin kowanne daban. To yanzu sai keken ya yi gudu ya tsaya, ya yi gudu ya tsaya, kamar mai ɗingishi. Wani lokaci tayar ta koma baya ta tsinke zare. Na zuba masa mai, na ɗaure bel, na share haƙoran da tsohon buroshi. Baba ya ce keke ne ya tsufa, in bar shi. Amma in ni na hau, lafiya lau yake tafiya.

Ranar Lahadi da safe ina shara, na gama jan maganaɗisun nan na tsohuwar lasifika da muke tsince allurai da shi, sai na ga wata laima a kan matakin keke, ƙura ta manne mata. Na ɗauka mai ne. Na taɓa na shinshina, ba mai ba ne. Na zauna ina saka maɓallai ina kallo. Mu biyu ne a shago, ƙafa huɗu, amma ƙudajen duk a kan guda ɗaya suke sauka, ta damansa. Kin san shi, silifa yake cirewa in zai taka keke, wai da takalmi ba ya jin abin da keke yake gaya masa.

Na jira har bayan azahar, lokacin da yake miƙewa a kan benci. Da barci ya ɗauke shi sai na ɗaga ƙafar. Yaya, a ƙarƙashin babban yatsa akwai rami kamar maɓallin riga, farar kanta ta kewaye shi, yatsan ya kumbura yana sheƙi. Na danna wurin da babban yatsana, na ƙara dannawa da ƙarfi. Munsharinsa ko sauya tafiya bai yi ba. Ramin bai ba ni tsoro kamar munsharin nan ba.

Da ya farka na gaya masa, ya karkata ya leƙa, ya ce ciwon da ba ya zafi ai ba ciwo ba ne, ado ne. Na kai ƙara wurin Inna. Ita kuma ta tona abin da ta daɗe tana rufewa: maganin sugansa sai ranar da ya ga dama yake sha, shayinsa kuwa cokali uku ne, na huɗu in ta juya baya. Suka yi ta yi. Ya ce yana da aikin mutane a wuyansa. Ta ce mutanen ba su ce a haɗa musu da ƙafa ba. Sai ta shiga shago ta cire bel ɗin keke, ta kulle a akwatinta, ta rataya makullin a wuya. Gobe da sassafe za mu asibiti.

Zan tona masa asiri guda ɗaya. Ya yanka wa abin da ke cikinki 'yar riga, da wani farin yadi mai laushi mai ƙananan furanni. Tana nan a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya an ɗinka, ɗaya ba a ɗinka ba. Ya ce kada a gaya miki maganar rigar, kada kuma a gaya miki maganar ƙafar. Ga shi na gaya miki duka biyun.

Ki gaida maigida. Inna tana sa miki albarka.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Asabar

Yayata,

Bayan sallama da gaisuwa, yaya jiki, yaya gida? Allah Ya sa kina samun barci. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan gwiwata, don haka layin zai karkace.

Sun kwantar da Baba tun ranar Laraba. Likitar mace ce, gajera, ba za ta girme ki ba. Baba yana ganinta ya ce, “'Yata, ki rubuta mini man shafawa in tafi, ina da aiki.” Ta ce to, Baba, amma bari in gaisa da ƙafar tukuna. Aka ɗiga jininsa a wata 'yar na'ura. Ta kalli na'urar, ta kalli Baba, ta sake kallon na'urar, sannan ta tambaye shi da ƙafarsa ya zo ko ɗauko shi aka yi.

Sai ta ɗauko wani siririn zaren roba mai ɗan tauri, ta ce ya rufe ido, duk inda ya ji ta taɓa ya ce ya ji. Ta taɓa tafin ƙafar, shiru. Ta taɓa yatsu, shiru. Ta taɓa diddige, shiru. Ta ɗaga hannunta tana gyara gilashi, ba ta taɓa ko'ina ba, sai Baba ya ce, “Na ji.” Ya ƙara cewa ya ji har sau biyu, hannunta yana sama. Nas ɗin da ke tsaye a wurin ta juya baya. Ni ƙasa na kalla. Ban taɓa ganin Baba yana cinke kamar yaron da bai yi karatu ba sai ranar. Ƙafar hagun ma haka take, sai dai ita ba rauni.

Likita ta yi mana bayani yadda zan gane. Ta ce sugan da ya daɗe a jini yana cin jijiyoyin da ke kai wa mutum labarin ƙafarsa, kamar ɓera ya ci wayar wuta a cikin bango. Ƙafar tana ihu, amma ba mai kai saƙon. Kuma jinin da zai kawo waraka ba ya isa can sosai.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Da ta ɗaga hoton a gaban fitila, sai ga wani ɗan farin layi siriri kwance kusa da ƙashi, tsawonsa bai kai rabin inci ba, gefe ɗaya da tsini. Ta ce ƙarfe ne, ta tambaya ko ya taka wani abu. Baba ya ce shi bai sani ba. Ni na sani, Yaya. Har ɗan ramin zare na hango.

Ga inda maganar take. Ciwon ya kama ƙashi, babban yatsa da mai bi masa sun fara baƙi. Ta ce in aka shiga tiyata yanzu, gaban ƙafar za a cire, a bar masa diddige da abin da zai tsaya a kai. In aka jira, sai dai daga ƙasan gwiwa. Baba ya ce ƙarin ruwa ya yarda, allura ko ɗari ce a yi masa, amma wuƙa a'a. Ya ce shekara arba'in da gaban ƙafar nan yake ci da mu, tela ba gaban ƙafa ai almakashi ne ba kaifi. Kuma ta yaya za a yanke abin da ko ƙaiƙayi ba ya yi masa? Inna ta yi kuka, ta yi faɗa, ta yi lallashi. Ko gezau.

Gadonsa na bakin taga ne. Maƙwabcinsa wani tsohon direban babbar mota ne, an cire masa ƙafa daga ƙasan gwiwa wata guda da ya wuce, shi ma suga. Bakinsa ba ya hutawa. Ya ce wa Baba, “Tela, in ka warke za ka ɗinka mini wando, amma ƙafa ɗaya da rabi zan biya.” Baba ya ce rabin nan ya fi wuyar ɗinki, sai ya ƙara. Duk ɗakin aka yi dariya. Da na raka direban banɗaki, sai ya riƙe kafaɗata ya ce shi ma yatsa ɗaya aka nema a wurinsa da farko, ya tsaya ciniki.

Akwai abin da nake so in faɗa miki, amma yau hannuna ya ƙi. Sai wata takardar.

Ki yi mana addu'a. Kada ki ce za ki hau mota a halin da kike ciki, Inna ta ce in kin zo ba za ta buɗe miki ƙofa ba.

Naki,
Auta


Ranar Litinin

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji muryarki jiya da kika kira Baba, ina tsaye a gefen gado. Na ji yadda ya ce miki ƙaya ce kawai, likitoci ne da son girmama abu. Na gode da ba ki ce ni na gaya miki ba, ko da yake bayan ya ajiye wayar ya daɗe yana kallona.

Ga abin da na kasa rubutawa.

Kin san dokar shagonmu, ke ma kin sha durƙuso a kanta. In allura ta karye, ba a sake taka keke sai an ga rabi biyun an haɗa su a kan tebur. Ko mai kaya yana tsaye a ƙofa, sai ya jira. Sati uku kafin in ga laimar nan, ina ɗinka wani wando mai kauri a kekensa, shi ya tafi sayen zare. Na bi ta kan ƙarfen zif, allura ta ce ƙas. Rabin sama yana jikin keke. Na durƙusa ina neman tsinin. Na ja maganaɗisu lungu-lungu, na girgiza ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, na kwashe tabarmar roba. Ya dawo ya same ni a ƙasa, ya zauna yana jira, mai wandon ma yana jira, yana kallon agogo yana tsaki. Aka fi awa guda. Gwiwoyina suka yi zafi, kunya ta ishe ni. Sai na faki idonsa, na buɗe gwangwanin da muke tara karyayyun allurai, na ɗauko wani tsohon tsini, na ce ga shi na gani. Ya karɓa ya duba, ya ce to. Ya cire silifa ya hau keke.

Ban taɓa yi masa ƙarya a kan aiki ba sai ranar. Na ce a raina in an tashi zan sake nema. Na nema, kwana uku ina nema, sannan na ce ƙila ya bi shara. Ashe Baba yana yawo da shi a cikin ƙafa, yana taka keke da shi, kowace takawa yana ƙara shiga.

In ina goge masa jiki sai ya ce Allah Ya yi mini albarka, ni kuma ji nake kamar ana watsa mini ruwan zafi. Ban gaya wa Inna ba. Ke kaɗai ce, don ke takarda kike karantawa, ba sai na kalli idonki ba.

Yanzu maganar ciwon. Ranar da aka kwantar da shi likita ta zana layi da biro a inda jan ya tsaya, a bayan ƙafa. Kullum sai ta nuna masa jan ya tsallake layin. Shi kuma ya ce layin likita ne, ita ta san inda ta ga damar zanawa, shi bai ji komai ya motsa ba. Na lura da wani abu. Duk bayanin da ake masa, na jini ne da ƙashi da hoto, abubuwan da ba nasa ba. Amma Baba bai taɓa musu da tef ba. Kin tuna mutumin nan da ya rantse ƙugunsa talatin da huɗu ne, Baba ya miƙa masa tef ya ce shi ba ya gardama, su yi ta yi su biyu?

Yau da safe na biya shago na ɗauko tef ɗinsa, wanda lambobin farkonsa suka goge, da guntun allin zane. Da aka buɗe bandeji za a wanke, na roƙi nas ta ba ni minti ɗaya. Na auna daga idon sawu zuwa inda jan ya tsaya, na miƙa masa tef ɗin da yatsana a kan lambar. Inci uku da rabi ya rage. Ya ce na riƙe tef kamar mai auna igiyar shanya. Ya karɓa ya sunkuya ya auna da kansa. Inci uku da rabi. Ya rubuta da alli a jikin ƙarfen gado, yadda yake rubuta awon mutane a bangon shago. Tef ɗin yana ƙarƙashin matashinsa yanzu.

Ban san ko zai yi amfani ba. Likita ta ce kwanakin da suka rage na zaɓi ba su da yawa.

In kin ji haushina, ki ji, kina da gaskiya. Amma ki rubuto.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Juma'a

Yayata abin alfaharina,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta ta sau huɗu a bayan ɗakin shan magani. Kin ce allura ba ta kai suga laifi ba, kuma in gaya masa da bakina, ko zai ɗauke ni yini guda. Na yi, zan zo kan wannan.

An yi aikin jiya. Ya farfaɗo, yana lafiya. Ki fara yin hamdala, sannan ki ci gaba da karatu.

Ranar Talata ya auna da kansa, inci uku ba kwata. Ya rubuta a ƙarƙashin na farko. Direba ya so ya ja shi da wasa, ya ce Tela ya buɗe reshe a asibiti, bai kula shi ba. Ranar Laraba inci biyu. Ya auna sau uku, ya juya tef ɗin ya auna da ɗaya gefen. Ya daɗe yana kallon lambobin nan uku a jikin gado. Sannan ya ce in kira masa likita, 'yarsa.

Da likita ta zo, ya ce mata shi ya sha gaya wa masu kawo gyara cewa ba a ɗora faci a kan ruɓaɓɓen yadi, sai an yanke har inda zare yake da rai, suna jin haushinsa. Ya ce ta yanka. Amma ta bar rara, kada ta yanke daidai wa daida kamar 'yan koyo, don fata ma tana buƙatar abin lanƙwasawa. Ta ce, “Baba, haka aka koya mana mu ma.” Ya ce to ashe malaminku tela ne. Ya sa hannu a takarda. Inna ta fita waje da sauri, wai za ta nemo ruwan zafi, alhali fulas ɗin a cike yake.

Jiya da safe, an sa masa rigar tiyata, wadda ya ce ko maƙiyinsa ba zai ɗinka wa irinta ba, muna jiran masu tura gado. Na ce, Baba, ina da magana. Bakina ya kafe a kan kalmar allura. Kin san yadda yake yi, in na maƙale sai ya ce, “To, na gane, je ka.” Jiya bai ce ba. Ya harɗe hannu a ƙirji ya jira ni, har na kai ƙarshe, da gwangwanin da komai.

Sai ya ce, “Tsinin da ka nuna mini lamba sha huɗu ne. A jikin keke sha shida ce. Ka ɗauka idon ma ya mutu?”

Yaya, ashe ya sani tun ranar. Ya ce ya ga gwiwoyina, ya ga mai wando yana tsaki, ya ce a ransa yaro ya wahala, a bar shi. Ya ce abin da ya kamata ya yi shi ne ya sa takalmi har sai an gani. Amma in ya hau keke da takalmi, zan tambaye shi dalili, don duk duniya ta san ya ce ba ya jin keke da takalmi. Gaskiyar kuwa, shekara biyu ke nan ba ya jin matakin ko da takalmi ko babu. Da kunne yake ɗinki. Yana sauraron keke, yana kintatar inda ƙafarsa take. Ya ce, “Kai ka ɓoye rabin allura sati uku, ni na ɓoye ƙafa biyu shekara biyu. In an je gaban alƙali wa za a fara ɗaurewa?”

Sai ga masu tura gado sun zo.

Awa biyu da wani abu suka yi. An cire yatsun duka da ɗan abin da ke bayansu, diddige da tsakiyar ƙafa suna nan. Likita ta ce naman da ta tarar a wurin yana da jini mai kyau. Ta ba shi tsinin a cikin wata 'yar kwalba. Ya ce in ajiye masa, kada in kuskura in jefa a gwangwani.

Yau da aka buɗe za a wanke, ya sa aka kawo masa madubi ya duba ɗinkin. Ya ce tazarar ba daidai ba ce, amma hannunta yana da tsabta, in ta zo shago wata shida zai gyara ta. Direba ya ce shi an cuce shi, an bar shi shi kaɗai a layin 'yan rabi.

Da dariyar ta lafa, na ga ya juya yana kallon taga. Yatsun hannunsa suna tafiya a kan zanen gado, kamar yana tura yadi.

Ki kula da kanki. Saura ke.

Auta


Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata, uwar 'ya,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah Ya raya ta, Ya sa mai jin ƙanku ce. Yaya jikin naki, yaya kwanan jaririya? Inna ta ce hoton da kika turo hancin Baba ne sak, Baba ya ce Allah Ya sawwaƙe wa yarinya. Ki yafe mini shirun wata biyu, hannuna ne bai zauna ba.

Mun dawo gida tun sati biyar. Ciwon ya rufe saura ɗan wuri kamar ƙwayar shinkafa. An yi masa wani takalmi mai faɗi, yana tafiya da sanda. Kullum da safe kafin shayi sai na duba ƙafafun biyu, har tsakanin yatsun hagu, in zazzage takalmansa in lalube cikinsu da hannu. Ruwan wankansa da gwiwar hannu nake gwadawa. Allurar suga Inna ce mai yi masa, ta ce shekara talatin yana tsikararta da baki, yanzu lokacinta ne. Gwangwanin sukari ya koma akwatin da aka taɓa kulle bel.

Ɗan injin lantarkin da maigidanki ya aiko a ɗaura wa keke ya iso, mun gode ƙwarai. Sai dai ki gaya masa a hankali, bai yi ba. Shi ma da ƙafa ake danna shi, kuma Baba ba ya sanin ko ya danna da yawa ko kaɗan. Yana taɓawa sai keken ya zabura da yadin, saura ƙiris ya haɗa da yatsansa. Ga shi likita ta ce ƙafar dama ba ta ƙara taka keke, ta hagun kuma a lallaɓa ta kamar ƙwai, don ita ce jarin da ya rage.

Daga ranar sai ya daina magana. Ya zo shago ya zauna a benci, ni ina kan keke. Ina iya ɗinkin, Yaya, masu kaya ba su yi ƙorafi ba. Amma Baban da ba ya cewa ɗinkina ya karkace, ban san shi ba. Na yi kuskure da gangan a wuyan wata riga, na ajiye a gabansa. Ya kalla ya kau da kai. 'Yar rigar nan kuwa tana ninke a aljihun tebur, na ce in ƙarasa ta, ya ce in bar ta.

Na yi kwanaki ina kallon keken, sai na lura matakin nan ta baya ma ana iya taka shi, tunda lilo yake yi. Ranar Alhamis na ja keken daga jikin bango, na sa kujerarsa a gaba da ɗan akwatin da zai ɗora ƙafa a gefe, na sa wata gajeriyar kujera a baya, na zauna, na zura ƙafafuna. Na ce, Baba, ga ƙafa, a kawo hannu.

Ya ce wannan wane irin shirme ne, mutum biyu a keke ɗaya kamar masu tuƙa kwalekwale. Inna tana bakin ƙofa ta ce ai shirmen ya fi zaman makoki, benci ya gaji da shi. Can ya dogara sanda ya taso ya zauna. Ya ciro 'yar rigar ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin allura. Na ɗora ƙafa zan taka, sai ya ɗaga hannu ya ce in dakata, in kawo kwalbar asibiti.

Na kawo. Ya buɗe ƙaramin aljihun keke, can ƙarshe ya ciro wata 'yar takarda a naɗe. Rabin sama ne, Yaya, na allurar nan. Ashe tun ranar bai jefa shi a gwangwani ba. Ya zazzage tsinin a kan tebur, ya tura su da farce har bakin karayar ya haɗu, ba ko tazarar gashi. Ya sa gilashi ya duba. Sannan ya ce, “To, an ga rabi biyun. Taka.”

Na taka. Da farko tayar ta koma baya, zare ya tsinke, ya ce mini ƙafar agwagwa. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Muka sake. Ba ya cewa tsaya ko tafi, ni ma ba na tambaya. Kafaɗarsa nake kallo, in ta ɗan ɗaga na san kwana ta zo, in rage. Kafin mu kai ƙarshen hannun rigar, Inna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ce ta ji muryar keken da ta sani.

Ga rigar nan a cikin ledar da direba zai ba ki. Ƙila ta yi mata kaɗan, an yanka ta tun ba a san girmanta ba, amma Baba ya bar rara a ciki, in kin farke gefen za ta ƙara wata biyu. In kin duba hannun hagu za ki ga ɗinkin ya ɗan karkace wajen inci ɗaya. Ya so ya farke, na roƙe shi ya bari. Nan ne muka fara.

Ki shafa mini kanta. Inna tana gaishe ki, Baba ya ce ki daina kuka a waya kina tsorata masa jika.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta